Ranar da Muryata Ta Fito a Lasifikar Masallaci

Wata Alhamis ce cikin azumin shekarar 2013, bayan la'asar, ina da shekara tara. Zafi ya cika gidanmu da ke hawa na biyu a unguwar Soundview ta Amurka, Umma tana kicin tana buga ƙullun ƙosai, ni kuwa ina durƙushe kan kujera a bakin taga, riƙe da abin magana na rediyo hannu bibbiyu, ina jiran Baba ya wuce. Can sai muryarsa ta ɓullo daga cikin hayaniyar rediyon: "'Yar Taga, kina kusa?" Na danna, na shiga zuba masa labari ko numfashi ba na yi. Na ce haƙorina na gefe ya fita, na ce yau na kai azumina har azahar, sannan na isar da saƙon da aka ba ni yadda aka faɗe shi: "Umma ta ce in ka sake dawowa ran Asabar ba kifin da ka yi mata alkawari, to ka kwana a motarka." Baba ya yi dariya har da tari. Abin da ban sani ba, duk maganar nan tawa ta fito tar a lasifikar masallacin da ke ƙasan gidanmu, malam yana tsakiyar tafsiri, mutane cike har bakin ƙofa.

Baba direban tirela ne. Yakan ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ya kai garuruwan arewa, ya yi kwana biyar ba mu sa shi a ido ba, alhali kusan kullum sai ya bi ta babban titin da ya ratsa bayan unguwarmu. Ba inda zai ajiye wannan ƙatuwar mota a layinmu, kuma doka ta hana direban babbar mota riƙe waya yana tuƙi. Shi ne ya sayo mana irin rediyon da direbobi ke magana da juna, wanda suke kira CB, ya ɗora shi kan ɗan tebur a bakin taga, ya manna eriyarsa a kan ƙarfen na'urar sanyaya ɗaki. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba Turanci a rediyo. Ni da a lokacin ko Umma ta yi min Hausa da Turanci nake amsa mata, dole na lanƙwasa harshe. Baba yakan ce, "Duk direban da ke kan hanyar nan yana jin mu, amma ba mai gane mu. Hausa ce labulenmu." Mun yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari, shi ya sa muke sakin baki yadda muka ga dama.

Duk wunina a wancan hutun a kan lokacin wucewar Baba yake tafiya. Da safe mu tura keken kayan wanki ni da Umma zuwa gidan wanki na bakin layi, in zauna ina ninke safa ina kallon agogo. Da rana in sauka wajen ƙawayena, 'ya'yan mutanen Kumasi da na Yamai da na ƙasashen da ban ma san sunansu ba, mu zana gidaje da alli a kan dakali muna tsalle da ƙafa ɗaya, ko mu shiga ruwa in manyan yara sun buɗe famfon kashe gobara. Amma ko ni ce nake cin wasa, da inuwar gininmu ta kai bakin shagon mai wanki da guga sai in watsar da allin in hau bene da gudu. Ƙawayena har tsokanata suke, wai na tafi aikin gidan rediyo.

Baba mutum ne mai tsoron doka har ya yi yawa. Ya gaya min ƙarfin da aka yarda irin wannan rediyo ya fitar wat huɗu ne a ma'aunin lantarki, kada a wuce. Namu tsoho ne da ya saya a hannun wani direba, yana da maɓallin da ake murɗawa a ƙara ƙarfi ko a rage. Don haka ya sayo wata 'yar mita mai allura a wajen masu shimfiɗa kaya a bakin titin da ake kira 125th Street, ya haɗa ta tsakanin rediyo da eriya, ya murɗa maɓallin har allura ta tsaya a kan huɗu, sannan ya ɗauko jan farcen Umma ya ɗiga alama a wurin. Ya nuna min da yatsa ya ce ko da wasa kada in taɓa. Wallahi ban taɓa ba.

A ranar Alhamis ɗin nan, ko minti goma ba a yi ba muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu Isufu ne, ladanin masallacin, dattijo ɗan Damagaram wanda shi ke kula da lasifikarsu. Ya yi sallama, ya gaida Umma da azumi, yana ta ƙoƙarin haɗiye dariya, ya ce, "Maman Hadiza, jama'a sun ce a gaya miki suna bayanki a kan maganar kifi." Umma ta tsaya da ludayi a hannu. Da ta gane abin da ya faru sai ta rufe fuska da mayafi, ta ce ita da sauka ƙasa sai bayan salla. Yana fita ta juyo kaina. Ta ce na murɗa abin nan don Baba ya daɗe yana jina, na rantse ban murɗa ba, na nuna mata alamar tana nan daidai, ta ce ai wanda ya iya murɗawa ya iya mayarwa. Ta zare wayar, ta ɗora rediyon can saman kabad, ta ce ran Asabar Baba zai fita da shi daga gidan nan. Ranar Juma'a na zauna a bakin taga hannu sake, ina kallon manyan motoci can nesa, na san ɗaya daga ciki tasa ce kuma yana kirana. Na yi kuka sosai, rabi don rediyon, rabi don an ƙi yarda da ni.

Ran Asabar Baba ya shigo da kifi har leda biyu, don tun daga bakin layi ake tare shi ana tambayar ina kifin Hajiya. Bayan azahar sai ga Kawu Isufu da tsohuwar jaka da gwangwanin fenti. Ashe kafin ya zo Amurka gyaran na'urorin sadarwa yake yi a gida. Ya ce kafin a hukunta yarinya, a fara tuhumar mita. Ya cire wayar eriya ya ɗaura ta gwangwanin nan, wanda yake cike da mai, da wani ƙarfe a ciki da ke shanye duk abin da rediyo ya fitar don kada ya kai ko'ina. Ya gargaɗe ni kada in taɓa danna abin magana ba eriya ba gwangwani, cikin rediyon zai ƙone. Sannan ya jera mitarsa da ta Baba a kan waya ɗaya, ya bar maɓallin a kan jan farcen, ya ce in danna kada in ce komai. Na danna. Allurar Baba ta tsaya cak a kan huɗu, ta Kawu ta wuce goma tana ta tafiya.

Baba bai yarda nan take ba. Ya gyara zama ya ce, "To Malam, wa ya ce taka ce mai gaskiya? Ai ita ma tsohuwa ce." Kawu ya ce tambayar da ya kamata ke nan. Ya sa Baba ya ɗauko rediyon motarsa, wanda yakan ciro ya zo da shi gida duk Asabar saboda ɓarayi, sabo ne ba wanda ya taɓa buɗe shi, kuma kamfanin da ya ƙera shi a kan huɗu ya saita shi. Aka ɗaura, na sake dannawa. Ta Kawu ta tsaya dab da huɗu, ta Baba da ƙyar ta ɗaga zuwa ɗaya. Baba ya daɗe yana kallon mitarsa, sannan ya ce, "Wata shida ina yi wa wannan abu biyayya." Kawu ya buɗe bayanta da ɗan sukundireba, ya riƙa juya wata 'yar kusa kaɗan-kaɗan, ni ina dannawa ina saki, har allurai biyun suka zo daidai. Daga nan aka mayar da rediyon gida, ya rage ƙarfin zuwa ƙasa da huɗu kaɗan, ya maida eriya, ya duba ko ƙarfin yana dawowa baya maimakon ya fita, ya ce lafiya lau. Ya kuma yi bayanin cewa don tafsiri suka ja doguwar waya zuwa wajen mata, ta biyo daidai ƙarƙashin tagarmu, ita ta kwashi muryata.

Umma tana tsaye a ƙofar kicin duk tana gani. Ba ta ce min in yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta shiga ɗaki ta fito da jan farce, ta goge tsohuwar alamar da kanta, ta miƙo min kwalbar ta ce, "Ungo, ke za ki sa sabuwa, tunda ke ce mai rediyon." Na ɗiga, har ya ɗan zarce. Kawu ya sauka ya kunna lasifika, ya naɗa wayarsu a wani baƙin zobe da ya ce yana tare irin wannan kutse, ya leƙo daga dakali ya ɗaga min hannu. Na danna na karanta Fatiha da ƙarfi, don ko ta fito kada a ji kunya. Ya sake leƙowa yana girgiza kai, ba abin da ya fito. Na dinga tsalle a kan kujera har Umma ta ce zan karya mata ita. Da aka sha ruwa, kan kifi mafi girma a kwanona ya sauka.

Sai dai gyaran ya zo da nasa. Da, Baba yakan fara jina tun yana nesa, mu yi kusan minti goma. Yanzu sai ya matso sosai, kuma da ya hau gadar da ke gaba da unguwarmu muryata ta ɓace masa, duka-duka minti uku. Dole na koyi shirya magana. Tun safe nake tara labarai ina zaɓe, in tambayi Umma yadda ake faɗin kaza da Hausa, in maimaita a gaban madubi, don kada lokaci ya ƙare ina laluben kalma. Saƙon Umma kuwa daga ranar ya koma "a dawo lafiya" kawai.

Yanzu Baba ya ajiye tuƙi, ciwon baya ya zaunar da shi. Ni ma na bar gida, amma duk lokacin da na so sai in kira shi in ga fuskarsa a waya, ba allura, ba gada, ba mai ƙayyade mana lokaci. Sau da yawa muna gama gaisawa sai ya ce to, in ce to. Rediyon yana nan saman kabad ɗin Umma da ɗigon jan farcena da ya zarce. Ban sake yi wa Baba magana mai yawa kamar ta waɗancan minti ukun ba.