Kwalbar Kakar Makcik

Shekarun baya, lokacin kullen korona, ina aji uku a fannin zanen gine-gine, ina zaune a wani ɗan fulat a unguwar Setapak, a ƙasar da ke maƙwabtaka da Singapore. Akwai kwas ɗin tarihin gini da na taɓa faɗuwa, kuma an gaya mini in na sake, sallamata za a yi. Aikin da aka ba ni shi ne rubutu a kan wani Bature ɗan Ireland, wanda ya yi zanen barkwanci a jaridun Afirka ta Kudu kafin ya zo ya zana babban masallacin Singapore. Iyaka a rufe, ba halin zuwa, sai hotuna.

A ƙarƙashin ƙubbar masallacin akwai wani baƙin zobe mai ƙyalli. Ni kuwa uwar iyayi, na cika shafi biyu cewa duwatsu ne masu tsada, wai Bature ya so burge masu mulki.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce haifaffiyar Singapore, kowa Makcik yake ce mata, wato inna. Kullum takan rataya mini abinci a ƙofa. Rannan na ɗaga mata hoton daga nesa, ina ta zuba bayani ta cikin takunkumi. Ta yi dariya har da dafa bango.

"Duwatsu? 'Yata, gindin kwalabe ne fa! Talakawa ba su da abin bayarwa, aka ce kowa ya kawo kwalba. Kakata ma ta wanke tata, ta kai da hannunta."

Mutumin da ba ma Musulmi ba ne ya ɗauki kwalbar talaka ya ɗora ta a wuyan ƙubba, sama da kan kowa! Na goge shafukan nan, na faro daga farko da kwalbar kakar Makcik. Na ci kwas ɗin.

Kafin a buɗe iyaka ƙafafun Makcik sun ƙi tafiya, ta ce in je in dubo mata kwalbar. Da aka buɗe, na je na tsaya ina kallon sama har wuyana ya ƙage. Kwalabe ne jere, duk iri ɗaya. Na kira ta ta bidiyo, na ce, "Makcik, ban san wacce ce ba."

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kakata ma ba ta sani ba. Amma har ta rasu, in ta bi ta nan sai ta ɗaga kai ta ce, ga tawa can."

Har yau, duk ginin da zan zana, sai na fara tambayar kaina inda kwalbar kakar wani za ta zauna.