Hulunan Buta Goma Sha Biyu

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da muka tare a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon ta ƙasar Faransa, hawa na bakwai, in an cire kasuwa da asibiti ƙafata ba ta cika taka waje ba. Maigida ne ya fara zuwa karatu Villeurbanne, nan kusa da mu, da ya samu aiki ya aiko aka kawo mu, ni da ɗiyarmu tana tatata. Har ta girma ta tafi jami'a a Saint-Denis, can gefen Paris, ban san Lyon ba sai abin da nake hangowa ta taga. Kuma ban ji na rasa komi ba. Ɗaki da ɗumi, rediyo na magana, hannuna da aiki.

Aikin kuwa kwarashi ne. Gwaggona ta koya mini a Damagaram, a gindin darbejiyar tsakar gida. Ba ta taɓa riƙe abin awo ba. In za ta yi wa jariri hula, sai ta tallabi kansa da tafin hannu biyu, shi kenan ta gama awo. Ta kan ce mini, “Ki taɓa abu kafin ki saƙa masa riga.” Da wannan na yi hulunan jarirai da safa da marufin kwano, ba na jin akwai gidan ɗan Nijar a unguwarmu da aka yi haihuwa zarena bai shiga ba.

Maƙwabciyata Hajiya, mutuniyar Maraɗi, ita ta janyo ni waje. Wata ranar Talata ta buga ƙofa da mayafinta a kafaɗa.

“Ƙanwata, tashi. Yau sai kin ga rana.”

“Ai ina ganinta ta taga, Hajiya.”

“Ta taga kike ganinta, ita ba ta ganinki. Ɗauko kwarashinki.”

Ta kai ni santir ɗin unguwa, wani ɗaki mai dogon tebur inda mata ke taruwa: Larabawa, 'yan Turkiyya, wasu 'yan Kwamoro, da mu biyu. Mai kula da wurin wata farar mata ce mai furfura, kowa Madam yake ce mata. Ta tsaya ta yi bayani. Ni lakwal ɗina bai wuce aji uku ba, amma kunnena ba ya zubar da magana, Faransancin da na tara duk daga rediyo da bakin ɗiyata na tsince shi. Abin da na ji shi ne: za a saƙa wa butocin shayi huluna, masu ado, don shayi ya daɗe da zafi. Bayan wata uku a zuba su a kwali a kai Paris, inda matan unguwanni za su baje aikinsu, daga nan a raba wa gidajen tsofaffi. Ta ba kowa zaren ulu da takarda mai lambobi.

Takardar nan na ninke ta na saka ƙarƙashin gwangwanin sukari. Shekara nawa ina saƙa, takarda ce za ta gaya mini girman buta? Ga buta a gidana. Na ɗauko ta maigida, 'yar shuɗiyar nan ta ƙarfe da muka taho da ita daga gida, wadda ke cika finjali biyar. Na tallabe ta kamar kan jariri. Ɗani ɗaya da rabi a ƙugu, yatsa biyar a tsaye.

Maigida ya shigo ya tarar da ni ina shafa butarsa.

“Lafiya? Ko ta yi zazzaɓi?”

“Hula zan yi mata.”

Ya zauna ya cire takalmi a hankali. “Buta da hula. Saura ki ɗinka mata babbar riga mu tafi Juma'a tare.”

Ni ma a raina abin ya ɗaure mini kai, don a wurinmu buta a kan garwashi take zama, wa zai sa mata ulu? Amma na ce kowa da irin shan shayinsa. Tunda sun ce hula, za su ga hula.

Wata biyu na yi a kai. Talata uku kawai na je santir, kuma gaisawa nake yi in karɓi zare in dawo, don a kujerata nake jin daɗin aiki. Kowace hula na bar mata ƙofa biyu, ɗaya ta hanci ɗaya ta mariƙi. Wasu na yi musu zanen faifai, zobe cikin zobe, ja da kore da ruwan ƙasa. Wasu na bi zanen da ke jikin tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, kamar yadda na tuna shi. Na yi wa kowacce ɗan tuntu a ka. Goma sha biyu suka cika, na jera su a kan tebur, har maigida ya daina tsokana ya ɗauki ɗaya yana juyawa.

Ranar haɗa aiki, Madam ta zo da butarta ta gwaji. Da ta fito da ita daga jaka sai da na ƙara dubawa. Ta tangaran ce, fara, mai ciki kamar kabewa. Matan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zura mata hulunansu, manya-manya, na tsinke biyu, suna rufe ta har ƙasa. Aka zo kaina. Na ɗauki mai zanen faifai na ɗora. Ta zauna a saman marufi kawai, ta karkace, kamar an aza wa ƙato hular ɗan suna.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata Balarabiya ta zura ɗaya a dunƙulen hannunta tana gaisawa da mutane da ita. Hajiya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

“Ƙanwata, butar 'yar tsana kika auna?”

“Butar mutane na auna, Hajiya. Wannan ai randa ce.”

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya cikinta, ta bi saƙar da yatsa, ta ce ba ta ga hannu mai tsabta irin wannan ba a ɗakin. Sannan ta ce abin da ba ya shiga butar kowa ba zai shiga kwali ba, don ba ado kawai ake kai wa tsofaffin ba. Saura mako uku. In na yarda a warware su, zaren zai isa manya huɗu, kuma matan za su taya ni.

Na tattara hulunana na zuba a jaka. Na ce mata, da Faransancina mai ɗingishi, ban taɓa warware aikin da ba kuskure a saƙarsa ba. A cikin bis Hajiya ta yi ta lallashina, wai huɗu a kwali sun fi goma sha biyu a jaka. Gaskiya ta faɗa, na sani. Amma in na tuna dunƙulen hannun matar nan sai in ji ko dai hulunan su tafi Paris yadda suke, ko kuwa ni da santir an yi sallama.

A makon ne aka bugo waya cewa kawun maigida ba ya jin daɗin ƙafarsa. Tsoho ne da ya zo Faransa tun kafin a haife ni, ya yi aikin gini har ƙarfi ya ƙare, yana zaune a Saint-Denis a gidan ma'aikata da suke kira fuwaye. Maigida bai samu hutu ba, sai aka sa ni a jirgin ƙasa da yaji da man zafi, ɗiyata ta tarbe ni a tasha. Na jefa hula ɗaya a jaka don in nuna mata abin da aka yi wa dariya.

Ɗakin Kawu a hawa na uku yake, gado ɗaya, kujera ɗaya, akwati a ƙarƙashin gado. Muka gaisa, ya tambayi maigida da Hajiya da sanyin Lyon da mutanen gida ɗaya-ɗaya, har waɗanda suka rasu sai da na tuna masa. Sannan ya miƙe da sandarsa ya ce sai mun sha shayi. Ɗiyata ta ce, “Kaka, laisse, bari, zauna in dafa.” Ya dube ta.

“Amaryata, ke da kike jefa ɗan ƙunshi a ruwan zafi ki ce shayi? Zauna.”

Ya fita. Muka jira, muka jira. Ɗiyata ta gaya mini an hana su hura gawayi a ɗaki, akwai 'yar na'ura a rufi mai ihu in ta ji hayaƙi, murhun lantarki kuma yana can ƙasa a madafar kowa da kowa. Can sai ga ƙarar sanda a matakala. Ya shigo yana haki, riƙe da wani abu a cikin tsohuwar safa. Ya zare safar. 'Yar shuɗiyar buta ce, ƙanwar ta gidana, har da ɗan ƙonan gindi.

Ya ɗaga ta sama ya tsiyaya a finjali, ya mayar, ya sake, yana neman kumfa. Kafin kumfar ta tashi shayin ya huce. Ya kurɓa ya ɓata fuska.

“Kun gani. A gida sai ka mayar kan garwashi. Nan kuwa garwashin yana hawa uku a ƙasa. Shekara da shekaru ina shan shayi mai ɗumin fitsarin jariri.”

Da ya tashi zai sauka yin na biyu, na buɗe jaka na miƙa masa hular. Na ce in ya sauke butar daga wuta ya zura mata wannan, hanci ta nan, mariƙi ta nan. Ya juya ta, ya ja tuntun, ya ce, “Ɗiyata, wannan ta fi wadda ke kaina kyau.”

Da ya dawo, ba shi kaɗai ya dawo ba. Wasu tsofaffi biyu 'yan Mali sun biyo shi daga madafa, kowa da tasa butar, ɗaya a naɗe da tawul. Hular ta zauna a butar Kawu cif, ba saura ba ragi. Ya tsiyaya, tururi ya tashi, kumfa ta hau. Ya kurɓa ya yi saurin ajiyewa, ya ƙona harshe. Tsohon mai tawul ya ce da ni cikin Faransanci, “Madam, a wane kanti?” Ɗiyata tana dariya tana ɗaukar su hoto da wayarta.

Talatar da ta biyo ban jira Hajiya ta buga mini ƙofa ba, ni na buga mata. Na shiga santir da jaka biyu. Na ajiye butar maigida a tsakiyar tebur kusa da ta Madam, na zura mata hula, na ajiye wayata da hoton Kawu da ɗiyata ta turo mini.

Na ce, “Madam, kin ce tsofaffi. Kin ce masu shan shayi. Ga su.”

Ta sa tabarau ta duba. Ta ce girman yana rubuce a takarda.

Na ce, “Takardarki ban karanta ba, wannan laifina ne. Amma waɗannan ma tsofaffi ne, a Paris suke, kuma da safa suke rufe buta.”

Ta tambayi su nawa ne. Na ce sun fi hulunan yawa. Ta ce an riga an tsara gidajen da za a kai wa, fuwaye ba ya ciki, wa zai kai? Na ce ɗiyata, jirgin metiro ɗaya ne daga ɗakinta. Ta ɗauki butar, ta jinjina ta a tafin hannu, ta tambaya mutum nawa ke sha daga ɗan wannan abu. Hajiya ce ta amsa, ta ce biyar, sau uku, kuma ba a gamawa sai hira ta ƙare. Balarabiyar da ta yi wasa da hulata ta ce mahaifinta ma irin wannan yake da ita, ta manta ne. Madam ta jawo kwali ta fara jera su da hannunta, goma sha ɗaya, tunda ɗaya tana wurin Kawu. Sai ta ce da sharaɗi: butar ma za ta bi su, don kada mutanen Paris su yi dariyar da aka yi a nan.

Hajiya ta raɗa mini, “Kowace ƙwarya da abokiyar burminta.”

“Ke da kika ce ta 'yar tsana ce.”

“Ni? Yaushe?”

Mako biyu maigida yana dafa shayi a ƙaramar tukunyar miya, yana mita cewa butarsa ta riga shi zuwa baje koli. Ni kuma ranar nan na roƙi Madam aron tata. Na hau bis da ita a cinya, na rungume kamar jinjiri, a gida na tallabe ta da hannu biyu. Ɗani uku ba kaɗan. Kafin kwali ya tashi na gama mata babbar hula mai zanen faifai, ita ma ta shiga.

Bayan an raba, Kawu ya bugo waya. Sai da muka gama gaisuwa tsaf sannan ya ce wani maƙwabcinsa ya mayar da buta kan murhu da hularta, ta ƙone, mutumin ya kasa haɗa ido da kowa. Akwai kuma wasu huɗu a hawa na biyu da ba su samu ba.

Na ce, “Butocin duk irin tamu ne, Kawu?”

Ya ce, “To da irin ta wa za su zama?”

Na ce ya gaya musu su ƙara haƙuri da safa mako uku. Na ajiye waya na jawo kwandon zare.