Azara Goma Sha Huɗu

Yayana Inusa ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana rufin ɗaki a Tibiri, kuma bai taɓa faɗin kuɗin aiki sau biyu ba. In ya ce jika saba'in na sefa, to jika saba'in ne, ko da kasuwa ta kama da wuta washegari. Mutane suna yabonsa a kan haka. Ni da nake ƙanwarsa, ciki ɗaya, na san rabin abin gaskiya ce, rabi kuma taurin kai ne, na kuwa faɗa masa ba sau ɗaya ba.

Wajen babanmu ya koyi aikin. Rufin ƙasa ne sana'ar gidanmu: a jera azara a kan bango, a shimfiɗa zana, a bi da leda, a zuba ƙasa a daɓe, a fitar da indararo. Da rufin kwano ya fara yawa a gari ya tafi Dogon Dutsi wata shida ya koyo bugunsa. Ya dawo yana cewa abu ne mai kyau ga wanda yake son ya dahu da ransa a bazara. Yana bugawa dai in an biya.

Yadda yake yanke kuɗi kowa ya san shi. Zai cire takalmi, ya hau tsani, ya taka rufin daga kusurwa zuwa kusurwa a hankali, yana ɗan tsayawa yana danna diddige. Tafin ƙafarsa ne ke gaya masa inda azara take da rai da inda ta mutu. Sai ya sauko, ya nemi ruwa ya sha, ya faɗi kuɗi.

Akwai masu zuwa da ƙorafi, wai ɗakinsu da na wane girmansu ɗaya, amma na wane ya fi araha. Ba ya fushi. Sai ya ce girman ɗaki shi ne ƙaramin abu a lissafin. Azara nawa za a canza? Kan bangon ya sha ruwa har sai an sake ɗaga shi, ko kuwa lafiya yake? Daga ina amalanke za ta ɗebo ƙasa, bayan gida ko bayan gari? In kwano ne, wane kauri, kuma yaya naira ta kwana, tun da ta iyaka kayan ke shigowa? Sannan wanda ya zo tun rani ba ɗaya yake da wanda ya jira sai da hadari ya fara haɗuwa ba, lokacin da kowa ke neman lebura kamar magani. In ya gama jero su yakan tambayi mutum ko a fasa. Ban taɓa jin an fasa ba.

Shekara biyu da suka wuce gwiwarsa ta dama ta fara ciwo. Ya ɓoye. Matarsa Sahura ta sani, ni na sani, masu sallah a sahunsa sun sani, domin in ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Duk Tibiri shi kaɗai ne yake ganin abin asiri ne.

Bana, saura kamar wata guda damina ta faɗi, ƙawata Mas'uda ta roƙe ni in kai mata shi. Mijinta ya rasu shekara biyar ke nan, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa ran kasuwa, ɗakinta kuwa daminar bara ƙwarya huɗu take tarawa duk sanda aka yi ruwa. Awakinta biyu ta sayar don aikin. Bayan su ba ta da wata dabba sai kaji.

Muka je. Aka jingina tsani. Inusa ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa ɗaya a matakin farko, ya tsaya. Ina kallonsa. Ya sauke ƙafar, ya mayar da takalminsa.

"Bari in diba daga ciki," ya ce. "Wanga ɗaki na san shi."

Ya shiga da tocila ya haska sama. Azarar giginya ce guda ashirin, baƙa wuluk, ba gara ko ɗaya. Ya ƙwanƙwasa biyu da sanda, suka amsa. Ya fito ya ce zana ce ta ruɓe, sai leda da ƙasa da kuɗin hannu, jika sittin. Mas'uda ta kwance bakin zane ta biya nan take, tana ta godiya. Na san bai taka rufin ba, amma na yi shiru, domin ba a tsinka yaya gaban mutane. Wannan shirun har yau ina jin haushinsa.

Ran da leburori suka kwashe ƙasar abin ya fito fili. Indararon ɗakin ya daɗe a toshe, ruwa yana kwanciya a gefen bango shekara da shekaru. Tsakiyar azara lafiya lau, amma kawunansu da ke binne cikin bango sun ruɓe. Da ya taka wajen, da diddigensa ya nutse. Aka sauko masa da su ɗaya bayan ɗaya, yana murza kan kowace da yatsa tana marmashewa kamar ƙulin da ya kwana a ruwa. Goma sha huɗu cikin ashirin.

Giginya yanzu sai daga wajen Gaya ake kawo ta, ga kuɗin mota. Azara goma sha huɗu kaɗai sun fi kuɗin aikin gaba ɗaya.

Mas'uda ta dafa ƙirji. "Malam Inusa, nawa za a ƙara?"

"A ƙara mi? Na hwaɗi kuɗɗi."

Na ja shi bayan rumbu. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Ka ce mata ba ka hau ba, kuskure na. Kowa na kuskure."

"To in ta ji, mi za ta saida? Kaji?"

"Kai fa, mi za ka saida?"

"Binta, magana zarar bunu ta," ya ce, ya juya ya tafi.

Washegari da hantsi na ji sara daga wajen gidansa. Na tarar da leburorin Mas'uda a kan ɗakinsa suna zubo da ƙasa. Azarar da ke wannan ɗaki babanmu ne ya jera ta da hannunsa shekarar da Inusa ya yi aure. Sahura tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ɗaga kai kawai ta yi ta ce, "Malam, ka ce su dakata in kwashe kwanukana."

Ni na yi faɗan a madadinta. Na ce masa girman kai rawanin tsiya. Na ce babanmu bai haifi mahaukaci ba sai yau na gani. Yana zaune a kan turmi yana ƙirga azarar da ake saukowa da ita, da ta kai goma sha huɗu ya ɗaga hannu aka tsaya. Shida da suka rage aka bar su a sama tsirara. Kayan Sahura a ɗakina muka cusa su, ita ma a nan take kwana. Shi ya koma rumfar da yake ajiye kayan aiki. Ya ce bayan kaka zai rufe. Ban tambaye shi da me ba.

Kwana tara aka gama ɗakin Mas'uda. Daga ƙasa ya yi aikin, yana nuni da sanda. An gaya mata inda azarar ta fito, ta zo da jika goma da kaza, ya karɓi kazar don kada ta ji kunya, ya mayar mata da kuɗin.

Ruwan farko da la'asar ya sauko, mai ƙarfi, da iska. Na yafa buhu na nufi gidansa, bakina cike da magana. Ɗakin ya zama tafki, bangon gabas ya fara zubewa, rumfar kuwa iska ta yaye rabinta. Ba ya nan.

A ƙofar gidan Mas'uda na same shi, tsaye cikin ruwa, ya dafa katanga, rigarsa ta manne a jiki. Indararon yake kallo.

"Diba," ya ce. "Shina zuba daidai. Ko ɗigo babu ciki, na tambaye ta."

Duk abin da na taho da shi na fasa faɗinsa. Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla, kuma haushinsa bai tafi ba. Na ce mu tafi gida. Ya saki katangar, ya yi taku ɗaya, ƙafar ta ƙi. Tun muna yara ban taɓa ganin ya nemi a riƙe shi ba. Ya miƙo mini hannu.

"Kama ni, Binta," ya ce. "Gwiwag ga ta ƙare. Ba ni ƙara hawa."

Na sa kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa, muka bi ta cikin ruwan zuwa gidana.