Inna Nas, Wadda Na Kai Ƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Inna Nas bayan jinyar mako uku. Inna, ban cancanci rubuta miki ta'aziyya ba, amma shirun ya ishe ni.

Da kika bar aikin asibiti, sai kika share ɗakin ƙofar gidanki, kika sa gado ɗaya da benci. Masu shan ƙwaya suka riƙa zuwa. Ki wanke musu miki, ki ɗaura musu ruwa, ki yi musu faɗa kamar ke kika haife su. A taron unguwa kika ce a kama dillalai, amma a daina kulle masu sha, domin tsoron kamu ke sa su ɓuya har su mutu a kango. Ni ne sakataren kwamitin unguwa. Na miƙe na ce so kike a halatta ɓarna, aka tafa mini. Da hannuna na rubuta takardar ƙara. Kika kwana biyu a tsare, da shekarunki da ciwon ƙafarki, aka garƙame ɗakin.

Bayan wata biyar, ƙanena tela ya faɗi a shagonsa da rana tsaka, kumfa na fita daga bakinsa. Ban ma san yana sha ba. Abokan aikinsa suka ƙi kai shi asibiti don kada a kira 'yan sanda, suka kinkimo shi gidanki. Na tarar kin shimfiɗe shi a kan gadonki. Na tsaya bakin ƙofa.

Kika ce, "Malam, ba lokacin tsayuwa ba ne. Zo ka riƙe masa kai."

Kwana tara yana wurinki, ba ki taɓa tayar da zancen takardar ba. Ni ma ban tayar ba. Shekara uku ina gaishe ki a hanya, kina tambayata mutanen gida, kullum ina cewa gobe zan nemi gafararki.

Ƙanena ne ya ɗinka likkafaninki. Waɗanda na kira 'yan iska a takardata su suka yi ta rige-rigen ɗaukar makararki, ni kuwa ina can baya, kaina a sunkuye. Har yau ban san wace doka ce daidai ba, taki ko tawa. Abin da na sani, da an bi tawa, da mun binne ƙanena.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki da jikokinki, Allah ya ba su haƙuri. Ina kuma roƙonsu, a gaban jama'a kamar yadda na tozarta ta a gaban jama'a, su yafe mini abin da na yi wa mahaifiyarsu.