Tayar da Ta Ci Akuyata

Wata Laraba ce cikin daminar 1998, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, na ga mahaifina durƙushe a ƙofar wani shagon kayan babur a Gusau, takalmansa na roba ajiye a gefe, hularsa ta jiƙe da gumi. Babur ɗinmu yana ɗage bisa wani kututture, an cire masa ƙafar baya, sarƙarsa tana reto har tana taɓa taɓo. Mai shagon, Alhaji Sambo, yana zaune a kan benci da carbi a hannu da rediyo a cinya, yana amsa gaisuwar Baba da ka. Ni kuwa ina tsaye rungume da ƙwaryar ƙwan zabi da Inna ta ba ni in kawo masa, sai washe baki nake yi, don a ganina mun zo wurin ɗan'uwa mai arziki. Ban san a wannan zaman ne za a cinye mini akuyata ba.

Ƙauyenmu yana gindin duwatsun Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu, kuma a duk faɗin gidanmu abu ɗaya ne ake cewa nawa ne, wato akuyata Kyalla. Ja ce, da farin gashi da ya zagaye mata ciki. Kakata ta wajen uba ce ta ba ni ita tana 'yar jaririya, bayan uwarta ta ci wani abu a juji ta mutu. Kowa ya ce ba za ta yi rai ba. Ni na raine ta da koko mai ruwa-ruwa a cikin kwalba, ina kwantar da ita a bayan ƙyauren ɗakin Inna, ina shan faɗa saboda fitsari. Da ta girma sai ta zama 'yar rakiyata. In na yi surfe ita ke da dusa, in na wanke hatsi ita ke da ƙasari, in mun taso daga makarantar boko kafin in ci tuwon rana sai na yanko mata ciyawa a bakin fadama. Ko carafke muke yi da ƙawayena a ƙofar gida tana nan tana tauna mini gefen zane. Sau da yawa ta bi ni har makaranta ta tsaya a bakin taga, malaminmu ya ce tunda ta fi wasu zuwa a kan lokaci, a ba ta benci. A wannan daminar tana da cikin fari, ni kuma har na gama raɗa wa 'ya'yan suna.

Babur ɗin Baba tsoho ne, ja shi ma, amma rana ta kwashe jan. Ba ya tashi sai an tura, kuma mu yara ke turin, muna ihu muna dariya har ya yi tari ya kama. Amma a kansa gidan yake tsaye. Shi ke kai taki gonarmu ta bayan dutse, shi ke kai mara lafiya asibiti, kuma ranakun kasuwa Baba yakan yi kabu-kabu da shi ya samo kuɗin cefane. Wanda ya tashi a ƙauye ya san tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, an riga an sayar da abin sayarwa an sayi taki. Ragon Baba ya tafi tun farkon shuka. A daidai wannan lokacin tayar baya ta suɗe har zare ya fito, mai facin garinmu ya ce ya gaji, faci a kan faci ba ya zama. Baba ya tattara abin da yake da shi, ya tambayi 'yan kabu-kabu kuɗin sabuwar taya, ya ga zai isa har da ɗan canji. Kuɗin ɗaurawa bai ma sa shi a lissafi ba, don a wurinmu abin da ake ba mai ɗaura taya bai wuce na goro ba.

Inna ce ta ce a je wurin Alhaji Sambo. Kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya koma Gusau tun da daɗewa, kuma kasuwa ta buɗe masa bayan garin ya zama babban birnin jiha. Ta ce na gida ne, zai yi sauƙi, kuma in ya ji an tsallake shi an sayi taya a wani shago sai ya ce an raina shi. "Naka sai naka," in ji ta. Kakata tana tsinkar zogale a gefe, ba ta ɗago kai ba ta ƙarasa mata, "Daɗin zama sai bare." Aka yi dariya aka bar maganar. Abin da babu wanda ya tsaya ya auna shi ne, kawun matarka surukinka ne. A wurinmu mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, balle ya tsaya yana ce masa nawa ne, rage mini. Baba kuwa ko a cikin masu kunya shi na gaba ne.

Haka muka taho da safe, ina bayansa da ƙwarya a cinya, yana lallaɓa ramuka saboda ƙwai da kuma tayar. Da Baba ya gama gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Alhaji ya ce, "Haba, ai gida kaz zo. Yara, ku kama mishi aiki." Nan take yaransa suka rufar wa babur ɗin. Na ga leɓen Baba ya motsa kamar zai yi tambaya, sai ya haɗiye. Suka fitar da tsohuwar taya, ɗaya daga cikinsu ya sa wuƙa ya tsarge ta gida biyu ya jefa bayan shago, wai don kada ta halaka wani. Suka ce ƙarfen ƙafar ya karkace, sai an yi masa saiti. Wani ya zauna yana juya ƙafar yana ɗaɗɗaure wayoyinta, ya cire biyu-uku ya sa sababbi, ya riƙa kanne ido ɗaya yana dubawa. Ni abin burge ni yake yi. An sayo mini gyaɗa, an ce na yi kama da Inna, na ji babu ya ni.

Bayan azahar aka gama. Taya baƙa wul, tana ƙamshin sabunta, da 'yan gashin robarta a tsaye. Alhaji ya fara lissafi da bakinsa, yana jan carbi a hankali: kuɗin taya daban, na ɗaurawa daban, na saiti daban, na wayoyi daban. Ban riƙe adadin ba, amma na riƙe cewa kuɗin aikin kaɗai ya kusa kamo kuɗin tayar. Ya ƙare da cewa, "Wanga don kai na, da wani na da ba haka ba." Baba ya ciro ƙullin kuɗinsa ya kwance, ya duba, ya sake dubawa kamar za su haihu. Da a wani shago ne da ya tashi tsaye ya yi rantsuwa, ya tara mutane, ko ya ce a mayar masa da tsohuwar tayarsa. A nan kuwa tsohuwar tana bayan shago a tsarge, mai shagon kuma surukinsa ne. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Allah shi saka da alheri, Alhaji. Sai dai ba su cika ba." Alhaji ya ce babu komai, ai ba gudu za a yi ba, a bar mashin ɗin a nan har a kawo ciko. Aka tura babur ɗinmu cikin shago aka sa masa kwaɗo. An karɓi ƙwan zabin, an maido mini da ƙwaryar.

A bayan wata a-kori-kura muka koma, tsakanin buhunan gishiri, yayyafi yana dukanmu. Ni ce na fesa labarin a tsakar gida, da zafina, har ina cewa Alhaji ɓarawo ne, Inna ta buge mini baki. Amma ranar ba ta ci tuwo ba. Ta rasa inda za ta sa kanta, don ita ta tura mijinta, kuma ba ta da bakin da za ta aika wa kawunta cewa ya yi zalunci. Ko ta aika, danginta za su ce ta zaɓi miji ta tozarta ƙanin uwarta a kan tayar babur. Kakata ta tauna goronta ta tofar, ta ce, "Kunyar marar kunya asara ce." Gaskiya ta faɗa, amma ita ma ba ta ce a je a yi magana ba. Baba ya zagaya wurin abokansa, kowa yana cikin irin halinsa. Ciyawa tana cin gonar bayan dutse, taki yana jibge a zaure, ranar kasuwa ta zo ta wuce babu cefane.

Tun kafin a faɗa na sani. Na lura manya sun daina kallon turken Kyalla in za su wuce. Na riƙa kwance ta da sassafe ina kai ta can cikin duwatsu, wai in ba su gan ta ba za su manta. Wata safiya ina daka Inna ta karɓi taɓaryar daga hannuna, ta ce, "Luba, Babanki ba ya iya tambayarki. Ni nike roƙonki." Da umarni ta ba ni da na yi birgima na yi ihu. Roƙon ne ya kashe mini jiki. Na ce to, na shiga bayan rumbu na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Abin takaicin, Kyalla ba ta bin kowa sai ni. Baba ya ja igiya ta turje, yayana ya tura ta ta kwanta. Dole ni aka sa a gaba, na kira sunanta ta biyo ni da gudu har bakin titi, har cikin mota, har kasuwar dabbobi ta Tsafe. Wani mahauci ya fara tayawa, ya lallatsa mata baya, ya yi tayi mai kyau. Baba ya dube ni, ya ce wa dillali ba zai sayar wa mai wuƙa ba, tana da ciki. Dillalin ya yi ta mita. Daga baya wani Bafulatani daga wajen Magami ya saye ta don kiwo, a ƙasa da tayin mahaucin, sai da aka haɗa da kajin Inna kafin kuɗin su cika. Iyakar abin da Baba ya iya yi mini ke nan, kuma na san ya yi. Mutumin ya ɗauke ta cak ya saɓa a kafaɗa saboda ta ƙi tafiya. Tana kuka tana waiwaye, ni kuma Baba ya riƙe mini hannu gam har suka shige cikin mutane.

Babur ya dawo gida, aka kai taki, gero ya yi kyau a shekarar. Na daɗe ban taya turin tashinsa ba, kuma babu wanda ya matsa mini. Da kaka ta yi, Alhaji Sambo ya zo wani suna a garinmu cikin babbar riga. Baba ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa ya gaishe shi, Inna ta dafa masa kaza, ni aka ba tasa in kai. Ya tambaya ko tayar tana nan lafiya. Baba ya ce lafiya lau, an gode.

Yanzu a Gusau nake zaune da iyalina. Yaran yau kafin a taɓa musu ko ƙusa sai sun ji nawa ne, ko shagon wane ne, kuma ban ga laifinsu ba. Duk da haka in na ga yaro yana gardamar kuɗi da sa'an kakansa ido cikin ido, sai in rasa wanne nake so, halin yau ko na da. Hanyar da muke bi da safe a kan babur, yarinya da ƙwarya a cinya babu fargabar komai, yau sai da addu'a ake bin ta, turakan ƙauyenmu kuma yawanci babu komai a kansu. Ina kewar wancan zamanin, har da kunyarsa da ta cuce mu.

Alhaji Sambo ya rasu ba tare da kowa ya taɓa gaya masa abin da tayarsa ta ci ba. Baba kuwa, a ciwonsa na ƙarshe, lokacin da yake neman gafarar mutane ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kira ni. Ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ya riƙe hannuna, muryarsa ba ta fita sosai, ya ce, "Ɗiyata, akuyar nan taki. Ki yahe min." Ashe duk shekarun nan yana ɗauke da ita. Na ce na yafe, Baba, duniya da lahira. Har yau ban san laifin da na yafe masa ba.