Yatsun Saidou Mai Garmaho

Saidou mutumin Tasawa ne ta jihar Maradi. Direba aka kawo shi Riyad, amma bai yi wata shida yana tuƙi ba kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi, Abu Kamil, ya mayar da shi shagonsa na tsofaffin kaya a kasuwar Dira. A can ya fara taɓa garmaho, a can kuma ya yi furfura. Inji ba nasa ba ne, kiɗan ma bai dame shi ba. Nasa akwatin ne, katakon da ya dushe ya tsattsage kamar dunduniyar manomi.

Ba ya kankare tsohon shafe. Sai ya goge dauɗa da tsumma mai danshi, ya narka ƙaro a sipirit, ya ƙunshe auduga a ƙyalle, ya bi katako yana zagayawa, shafi kan shafi. In ya bushe ya bi da samfefa mai laushi, a ƙarshe kakin zuma. Safar hannu kuwa ko kyauta ba ya so. Cewa yake ido na ƙarya, yatsa ke sanin inda gargada take. Shekara ashirin da biyu haka.

Ranar da 'yarsa Nazira ta bugo ta ce jikin innarta Biba, matarsa, ya yi tsanani, likita ya ce a kira maigida, Saidou ya je neman izinin fita. Aka ce sai ya sabunta basma, hoton yatsu. Ya ɗora na dama, na'ura ta ƙi. Ya ɗora na hagu, ta ƙi. Ma'aikacin ya juya hannun ya duba. Sumul, ba zane ko ɗaya. Sipirit da samfefa sun cinye.

"Ya hajji, bar aiki sati uku, ka riƙa shafa mai. Za su fito."

Bachir, mai gadin da suke ɗaki ɗaya a Nasiriya, ya yi dariya har da buga cinya. "Baba Saidou, ashe sana'a ka ɓata. Da sata ka kama, wa zai gano ka?"

"Miƙo man kaɗen nan, sakarai."

Ya zauna, hannu a cinya kamar mai lalle. Kullum Nazira takan kara wa Biba waya a kunne.

"Malam, yaushe?"

"Saura kwana goma sha ɗaya."

"To."

Washegari Abu Kamil ya kira. Wani Bature daga unguwar jakadanci ya kawo akwatin garmaho, Saidou ya zo ya duba da ido kawai. Ya je. Ya tarar an ɗauko kafintan maƙwabta, ga injin samfefa a hannunsa, ga gwangwanin feshi. Akwatin ya girmi uban kowa a wurin, ciwonsa kuma bai wuce farin zobe da gindin kofi ya bari ba.

"Ajiye wannan," in ji Saidou.

Ya ce wa kansa aikin yini ɗaya ne. Kwana huɗu ya yi. Da ya koma wajen basma, na'ura ta ƙi, aka sake ɗiba masa sati uku.

Biba ta rasu ranar Talata da hantsi. Yatsunsa duk mai, Bachir ne ya riƙe masa wayar.

"An kai ta?"

"An kai, Baba."

"Allah Ya jiƙan ta."

Bai yi kuka ba. Mutanen Maradi da na Damagaram suka zo gaisuwa bayan sun tashi aiki, yana amsawa. Aka kawo shinkafa, ya ci. Ya ci gaba da shafa man safe da yamma, don ba wanda ya ce ya daina.

Kwana tara bayan haka na'ura ta karɓa, tashi ɗaya.

"Mabruk, ya hajji," in ji ma'aikacin, yana masa barka. "Yaushe tafiya?"

"Tukuna."

Izinin ya zo ya ƙare bai tafi ba. Nazira ta tambaya sau uku, ta bari. Yana nan a Dira, shago na biyu in an shiga layin masu darduma.