Ƙanƙarar Taki a Bayan Randa

Bana shekara arba'in da huɗu ke nan da rasuwar mijina, Malam Yila, malamin kimiyya a wata sakandare a nan Gombe. Akwai maganar da na riƙe tun lokacin, na kuma gaji da riƙe ta.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, takin zamani ya cika gari. Kowa na kai buhu gona, shi kuwa mijina gidanmu na unguwar Madaki ya kawo nasa. Ya karanta cewa idan aka tace farin takin nan, aka bar shi ya daskare a hankali ya zama ƙanƙara garau kamar gilashi, hasken lesa, wani siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa, zai shiga cikinta da launi ɗaya ya fito da wani. Bai taɓa ganin lesa da idonsa ba. Wani tsohon malaminsa a jami'a ne ya ce in ya samu ƙanƙara mai girman ɗan yatsa, ya aiko a gwada.

Wata bakwai yana rainon abin nan a kwalba a bayan randa, don nan ne ya fi sanyi. An hana mu shara a wurin. Nakan ce masa ko 'yarmu Rifkatu ba ta samu wannan lallaɓa ba, sai ya yi dariya. Ranar da ƙanƙarar ta kai girma ya ciro ta, ya ɗora a faranti ta bushe, ya tafi makaranta neman akwatin da zai sa ta.

Ranar kuwa ruwan da aka kawo mana ja ne wur, damina ce. Na ga farin dutse a faranti kusa da randa, na ɗauka alam ne, irin wanda muke jefawa ruwa ya kwanta. Na jefa. Sai da na ga ruwan ya ƙi kwanciya na gane abin da na jefa.

Ya dawo ya tarar da farantin wayam, sai ɗan jiƙa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Maman Rifkatu, laifina ne," ya ce. "Na san taki na shan laima, na bar shi a buɗe da damina."

Na bar shi a kan haka. Tsoro na ji, da kunya. A gabana ya zauna ya rubuta wa malaminsa cewa sakacinsa ne ya jawo. Ya sake haɗa wata kwalbar, amma ba ta kai wata uku ba mota ta kife da shi a hanyar Kaltungo.

Kwanan baya jikata, mai karatun kimiyya, ta nuna min wani ɗan alƙalamin lesa mai fitar da koren haske. Ta ce wata 'yar ƙanƙara ce a ciki take juya hasken, a kasuwa ma ana sayar da shi. Da Malam na nan, na tabbata da ya farke shi kafin a gama gaisawa. Ni dai ɗaki na shiga na yi kuka.

Bai bar littafi da sunansa ba. Ɗalibansa, waɗanda su ma yau sun yi furfura, suna tuna shi da haƙuri da rashin ɗora wa kowa laifi. Wannan halin nasa na samu na fake a bayansa, ya tafi kabari yana ganin kansa mai sakaci. Malam, ba laima ba ce. Ni na jefa ta a randa.